Bayan Sallama Daga Shika: Yadda Ake Raya Ƙwaƙwalwar Yaron da Ya Ji Rauni

Ranar da aka sallamo yaro daga asibitin Shika bayan ya yi kwana da kwanaki bai san inda kansa yake ba, gidansu a Tudun Wadar Zariya cika yake yi. Maƙwabta na shigowa barka da arziki, ana rabon sadaka, kowa ya dubi yaron sai ya ce, "Ai ya warke sarai, ga shi da ƙafarsa." Yana tafiya kuwa, yana magana, yana gane mutanen gida. Sai an yi wata huɗu ko biyar sannan wani zance na daban yake fara fitowa. Malamin Islamiyya ya aiko cewa hadda ta ƙi zama. Uwa ta aike shi kanti sayen abu uku ya dawo da ɗaya. Ya riƙa dukan ƙannensa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai sunaye su biyo baya: daƙiƙi, mara ji, mai taurin kai. Wata kaka kuma ta ce, "Tun da ya yi ciwon nan ya zama wani iri."

Kakar ce ta fi kowa kusa da gaskiya. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni shekaru take ɗauka tana gyara hanyoyinta, kuma abin da ya fi jinkirin dawowa shi ne wanda ido ba ya gani: tattara hankali wuri ɗaya, riƙe sabon abu, saurin fahimta, da iya danne zuciya. Likita na da nasa rabon a wannan aiki, amma kaso mafi tsoka a tsakar gida da cikin aji ake yin sa.

Da an ce raunin ƙwaƙwalwa, hankalin mutane kan tafi ga hatsari: babur ko Keke Napep ya kaɗe yaro a titin da ya nufi Ƙofar Doka, ko ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko daga katanga, ko ya afka rijiya aka ciro shi ya daɗe bai numfasa ba. Duk suna faruwa. Amma a ƙasar Hausa cututtuka ma na yi wa ƙwaƙwalwar yara ɓarna mai yawa. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, akwai sanƙarau, akwai shanyewar ɓarin jiki da sikila ke jawowa, ga shawarar jarirai idan ta yi tsanani, ga doguwar naƙuda da ke hana jariri iska. Ba a manta da gubar dalma ta Zamfara ba, wadda a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da yawa da lahani a ƙwaƙwalwa.

Sanƙarau da Zariya sun daɗe da sanin juna. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Tudun Wada yake kafin a koma Shika a 2005, kuma likitan nan ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya yi shekara 10 a Zariya daga 1970, shi da abokan aikinsa irin su Hilton Whittle, suna nazarin cutar. A gabansu annobar 1977 ta auku, kuma abin da suka rubuta a kanta ya zama abin dogaro ga likitocin Afirka. A 1996 ta dawo da ƙarfinta, ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. Ana ƙirga matattu, ana ƙirga allurai, amma ba kasafai ake ƙirga waɗanda suka tashi ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu da sanƙarau na ƙwayar bakteriya kan kasance da wata matsala mai daɗewa, daga kurunta zuwa farfaɗiya zuwa wahalar karatu.

Haka abin yake ga zazzaɓi. A asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Yuganda, an bi yaran da suka tashi daga zazzaɓin ƙwaƙwalwa har tsawon shekara 2, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna kusan 1 cikin 4 yana fama da tawayar fahimta, musamman wajen tattara hankali. A Blantyre ta ƙasar Malawi wani nazari na 2010 ya gano kusan 1 cikin 10 na irin waɗannan yara sun kamu da farfaɗiya daga baya. Da yawa daga cikin waɗannan yara an sallame su ne a matsayin waɗanda suka warke.

Akwai wata fahimta da ta daɗe har a tsakanin likitoci, cewa ƙaramin yaro ya fi babba saurin murmurewa don ƙwaƙwalwarsa ɗanya ce. Ta samo tushe daga gwaje-gwajen da Margaret Kennard ta yi da birai a Amurka a shekarun 1930, inda ƙananan birai suka fi manya dawo da motsin gaɓoɓi. Ga motsi, akwai gaskiya a ciki. Ga tunani kuwa, Vicki Anderson da abokan aikinta a asibitin yara na Melbourne, ƙasar Ostareliya, sun bi yaran da suka ji rauni a ka har shekara 10, suka ga cewa wanda ya ji mummunan rauni yana ƙarami shi ne ya fi zama a baya. Babba ya riga ya tara iliminsa, abin da ya sani yake ƙoƙarin dawowa da shi. Ɗan shekara 3 kuwa bai tara komai ba tukuna, kuma da ƙwaƙwalwar da ta ji ciwon zai koyi duk abin da ke gabansa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, mai kula da tsara aiki da kame kai, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20. Rauninsa kamar tsaga ce a harsashin gini, wadda ba ta bayyana sai an ɗora bene. Shi ya sa yaron da ya yi lafiya lau a aji ɗaya zai iya durƙushewa a aji huɗu, iyaye su rasa dalili, don sun manta da ciwon da aka yi shekara biyar baya.

Aikin yana farawa ne tun kafin a bar gadon asibiti. Uba ko uwa su tambayi likita abu uku, su rubuta: sunan ciwon, kwana nawa yaron ya yi a sume, da makin da ya samu a ma'aunin suma. Ga raunin kai ana amfani da ma'aunin Glasgow, wanda aka ƙirƙiro a 1974, daga 3 zuwa 15: maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ga ƙananan yara masu zazzaɓi akwai ma'aunin Blantyre, daga 0 zuwa 5. Takardar sallama, hoton ƙwaƙwalwa idan an ɗauka, da katin asibiti, a haɗa su a leda ɗaya a adana inda ake ajiye takardun gida. Likitan da zai ga yaron bayan shekara shida ba shi ne wanda ya kwantar da shi ba, kuma waɗannan takardu ne kaɗai za su ba shi labari.

Idan buguwa ce mai sauƙi, yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu, a rage masa waya da talabijin, sannan ya koma harkokinsa kaɗan-kaɗan. Kulle shi a ɗaki mako guda ba ya ƙara masa komai. Yawancin irin waɗannan yara kan dawo daidai cikin mako 4. Amma a kwanakin farko, in ya yi ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko yana barcin da ba a iya tashinsa, ko ruwa garai na fita ta hanci ko kunne, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ya yi jijjiga, to a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Kafin a ce yaro ba ya fahimta, a tabbatar yana ji, yana gani. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Duk yaron da ya yi sanƙarau ya kamata a auna jinsa kafin sallama ko cikin mako 4 bayanta. Tafa hannu a bayansa bai isa gwaji ba, don mai kunne ɗaya ma zai waiwayo. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Yaro nawa ne aka yi wa laƙabin mara ji, alhali da gaske ba ya jin? Zazzaɓin ƙwaƙwalwa kuma kan ɗauke gani na wani lokaci ko da idon lafiyarsa ƙalau, kuma sau da yawa ganin kan dawo cikin makonni ko watanni, don haka kada a yanke ƙauna da wuri.

Sai farfaɗiya. Ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Wani yaron ƙura wa wuri ido kawai zai yi na ɗan lokaci, ko ya riƙa motsa baki, a kira shi bai amsa ba, sannan ya dawo bai san an yi ba. Malami ya ɗauka shashanci ne. Wanda ya ga haka ya ɗauki bidiyo da waya ya nuna wa likita a sashen jijiyoyin yara na Shika, domin minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayani. Idan an ɗora yaro a kan magani, ba a tsayar da shi farat ɗaya don an ga sauƙi ko don kuɗi sun yanke, saboda hakan kan tayar da jijjiga mai tsanani. Fenobabiton, wanda ya fi araha, yakan sa wasu yara kasala, wasu kuma ƙiriniya da rashin natsuwa, kuma iyayen da suka lura da haka su faɗa wa likita, akwai wasu magungunan. Lokacin jijjiga a kwantar da yaro a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, kuma gidan da ke cikin wannan hali yana buƙatarsu, sai dai su tafi tare da magani.

Idan an gama da waɗannan, sai babban aikin, wanda ke hannun mutanen gida. A nan akwai labari mai ƙarfafa gwiwa daga Birazil. A asibitin Sarah da ke babban birnin ƙasar, Lucia Braga da abokan aikinta sun raba yara 87 masu raunin kai, 'yan shekara 5 zuwa 12, gida biyu. Kashi ɗaya ƙwararru ne ke horar da su a asibiti. Ɗaya kashin iyayensu aka koya wa, aka ba su littafi mai hotuna, suna yin horon a gida cikin hidimar yau da kullum, ƙwararru na duba su lokaci-lokaci. Bayan shekara guda, a sakamakon da aka buga a 2005, yaran da iyayensu suka horar su ne suka nuna ci gaba mai ma'ana a jiki da tunani duka. Kuma zurfin karatun iyayen bai canza komai ba. Uwar da ba ta yi boko ba a Tudun Wada tana iya wannan aiki, muddin an nuna mata hanya.

Hanyar tana farawa da tsara yini. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana wahala da abin ba-zata, tana samun sauƙi idan yau ta yi kama da jiya. Gidan Bahaushe ya riga ya sami ginshiƙai biyar na salla da ke raba masa yini, sai a rataya komai a jikinsu: magani bayan asuba, horo da hantsi, kwanciya bayan azahar, wasa bayan la'asar, tatsuniya bayan isha'i. Horon kansa kada ya wuce minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya, a kashe rediyo, a janye sauran yara. Zama uku gajeru sun fi awa guda ta kuka.

Magana da shi ma tana da ƙa'ida. A zo gabansa, a kira sunansa, a bari ya ɗago ido, a ba shi umarni ɗaya tak, a ce ya maimaita. Sannan a jira. Jiran nan shi ne ya fi wa manya wuya, domin saƙo na ɗaukar lokaci kafin ya isa, kuma wanda ya sake maimaita tambaya da tsawa ya rushe abin da yaron ya fara haɗawa. Uwa ta ƙirga goma a zuciyarta kafin ta sake buɗe baki.

Aike babbar makaranta ce. A fara da abu ɗaya a cikin gida: "Ɗauko min ludayi." Idan wannan ya zauna kwana da kwanaki, a koma biyu. Daga nan sai kantin ƙofar gida, da 'yar takarda da aka zana masa ashana da sabulu, wani babba na hangensa. Daga baya a ƙara masa lissafin canji. Tsintar wake, jera kwanuka daga babba zuwa ƙarami, ninke kaya, ba wa kaji hatsi a lokaci ɗaya kullum, duk horo ne na tattara hankali da bin tsari. Mark Ylvisaker, masanin gyaran magana ɗan Amurka da ya yi aiki da Braga, ya koyar da a raka kowane aiki da tambayoyi: me za mu yi, yaya za mu yi shi, sannan bayan an gama, yaya ya kasance, me ya taimaka. Da farko uwa ce ke tambaya tana amsawa. A hankali yaron ya karɓi amsar, daga baya ya karɓi tambayar ma, ya riƙa yi wa kansa. Wannan shi ne aikin sashen bayan goshi, ana yi masa shi daga waje har ya iya da kansa.

Hadda ta cancanci a tsaya a kanta, don a nan ne iyaye suka fi jin zafin abin. Surorin da yaro ya haddace kafin ciwo yawanci suna nan, sabon ƙari ne ke zubewa, kuma wannan bambanci ne ke sa a zarge shi da lalaci: "Ga shi yana kawo na da, me ya hana shi na yau?" Ajiyar tsohon karatu daban take da ƙofar shigar sabo, kuma ƙofar ce ta ji ciwo. Masu nazarin mantuwa a Ingila, Barbara Wilson da Alan Baddeley, sun nuna a 1994 cewa mai raunin tunawa idan aka bar shi yana cinka, kuskuren da ya yi shi ne ke manne masa, don ba ya tuna an gyara masa. Saboda haka ba a barinsa ya yi ta laluben aya. Malam ya biya, yaro ya bi, in ya tsaya a ɗora masa nan take kafin ya faɗi wani abu daban. A rage ƙarin zuwa aya ɗaya, ko rabin aya in doguwa ce. Sannan a tazarar da tambaya: yanzu, bayan minti ɗaya, bayan biyar, bayan la'asar, gobe da asuba. In ya faɗi a wani mataki, a koma tazarar da ta gabata. Makarantar allo ta daɗe da sanin rabin wannan hikima, tun da ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Abin da ke ba irin wannan yaro wahala a can shi ne amon muryoyi hamsin a lokaci ɗaya, don haka a nema masa wuri kusa da malam, ko ya riga sauran zuwa da kwatan awa. Wannan hanya ita ce kuma ta koyon baƙaƙen boko da jadawalin sau.

Wasa na da nasa gurbin. Dara na koyar da hangen gaba da jiran layi, carafke na haɗa ido da hannu, kacici-kacici na motsa kalmomi. Tatsuniya ta fi amfani idan an tsaya a tsakiya an tambaye shi me Gizo ya yi da farko, me yake ganin zai biyo baya, gobe kuma shi ya ba ƙannensa ita. A Yuganda Paul Bangirana ya gwada horon kwamfuta ga yaran da suka tashi daga zazzaɓin ƙwaƙwalwa, aka ga ci gaba a wasu gwaje-gwaje, amma irin wannan horo amfaninsa ya fi tsayawa a kan abin da aka yi atisaye a kansa. Miƙa wa yaro waya ya yini da ita ba ya cikin wannan lissafi.

Gajiya ita ce ɓoyayyar abokiyar gaba. Yaron na kashe ƙarfi ninki a kan abin da tsaransa ke yi ba tunani, shi ya sa da safe mutum ne, da yamma wani ne daban. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, shi kuwa wannan har da ƙarin na rana. A duba jininsa, domin ƙarancin jini kaɗai na dusashe fahimta. Ƙwai, wake, kifi, zogale da gishiri mai aidin sun fi duk wani maganin ƙara basira da ake tallarsa a kasuwa.

Halayya ce ke raba yaro da mutane fiye da mantuwa. Zai faɗi abin da ya zo bakinsa a gaban baƙi, ya ƙwace abu, ya fashe da kuka ko faɗa nan take. Birkin kame kai ne ya yi rauni, kuma duka ba ya gyara birki. Hukunci na aiki ne ga wanda zai tuna da shi a daidai lokacin da zuciya ta taso, wannan kuwa shi ne ainihin abin da yaron ya rasa. Rankwashi da mari a kan da ya taɓa jin rauni ganganci ne tsagwaronsa, kuma ya kamata a faɗa wa duk wanda ke da iko da yaron, daga yayyensa har malamansa. Abin da ke aiki shi ne a riga fitinar. Uwa ta sami ɗan littafi, ita ko wani yayansa, a riƙa rubuta abin da ya faru kafin kowane tashin hankali. Cikin mako biyu za a ga zaren: yunwa ce, ko hayaniyar gidan biki, ko dawowa daga makaranta a gajiye, ko tsokanar wani yaro. Sai a toshe ta nan. Idan ta riga ta tashi, a janye shi wuri mai shiru, a rage magana, a bar nasiha sai ya huce. In ya yi daidai kuma a faɗa masa nan take, a ambaci abin da ya yi: "Ka jira Ummi ta gama, madalla da kai."

Komawa makaranta a yi ta mataki-mataki, rabin yini tukuna na wasu makonni. Uba ya je da kansa, kada ya aika. Ya samu malamin Islamiyya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan ciwon da ya yi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, likita ya ce a bi shi a hankali, kuma kada a taɓa kansa. Ga yadda muke yi masa a gida." Haka zai yi da hedimasta da malamin aji. Abin da ake roƙo ba ya cin ko kwabo: kujerar gaba nesa da taga, tambaya biyar maimakon ashirin, ƙarin lokaci a jarrabawa, a tambaye shi da baki in rubutu na yi masa nauyi, da aboki ɗaya natsattse da zai riƙa tuna masa aikin gida. Maimaita aji ba tare da an canza salon koyarwa ba, maimaita faɗuwa ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi, don haka makarantar da ta ce a kwashe yaro a kai shi gida ba ta da hujja.

Duk wannan nauyi, in ba a yi hattara ba, a kan mace ɗaya yake sauka, kuma ita ake fara zargi da sangarta yaro. Uwar da ba ta barci, ba ta da mai karɓarta, ba za ta iya ƙirga goma a zuciyarta ba. A raba aikin: uba ya ɗauki hadda bayan asuba da zuwa asibiti, wata yaya ta ɗauki wasa, kaka ta ɗauki tatsuniya. A zaunar da sauran yaran gida a yi musu bayani da harshen da za su gane, don su ne za su kare shi a waje ko su fara tsokanarsa.

Sauƙi ya fi gudu a wata 6 zuwa 12 na farko, daga nan ya rage sauri, amma koyo ba ya tsayawa. Wasu yara kan dawo dab da yadda suke, wasu kan rayu da giɓi, kuma ga waɗannan burin shi ne su iya zagaye giɓin: littafin tuni a aljihu, ƙararrawar waya, sana'ar hannu da ake koyo ta maimaici a wurin maigida mai haƙuri. Akwai mashigai uku da ya kamata a sake kai yaro a duba shi ko da ba a ga komai ba: shiga aji huɗu na firamare, inda karatu ke komawa na fahimta, shiga ƙaramar sakandare, inda malamai ke yawa kuma ba mai bin sa, da lokacin balaga. Raunin kai kan taɓa ƙullin da ke sarrafa girma, don haka in tsayinsa ya tsaya, ko balaga ta zo da wuri ƙwarai ko ta yi jinkiri, a faɗa wa likita. Jaririn da ya yi sanƙarau kuma, in kansa na girma fiye da kima, ruwa ne ke taruwa, kuma ana yi masa aiki. Matashin da birkinsa ke da rauni ya fi saurin faɗawa shaye-shaye da tuƙin ganganci, budurwa kuma ta fi saurin yaudaruwa, saboda haka talla da aiken dare ba nata ba ne.

Rauni na biyu ya fi na farko ɓarna, kuma yaron da hankalinsa ke warwatse ya fi kowa kusa da shi. Kada ya tsallaka babban titi shi kaɗai sai an gwada shi sau da yawa an gamsu, a rufe rijiya, a hana shi hawa bishiya da katanga, kuma ba ya komawa ƙwallo sai likita ya yarda. Ya kwana cikin gidan sauro kullum. In bai kai shekara 5 ba, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina, a kuma cika kwana ukun da ake shan sa. Mai sikila kuwa, kusan 1 cikin 10 kan sami shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 in ba a yi rigakafi ba, kuma wanda ya yi sau ɗaya yana cikin haɗarin maimaitawa. Binciken da aka yi a asibitocin Aminu Kano da Murtala Muhammad a Kano da na Barau Dikko a Kaduna ya nuna cewa awon gudun jini a jijiyoyin kai, tare da maganin haidiroksiyuriya ga waɗanda awon ya nuna suna cikin haɗari, na rage aukuwar hakan sosai. Iyayen mai sikila su tambayi wannan awo a asibitin da ake duba ɗansu tun yana shekara 2, su kuma nemi a auna ƙannensa masu sikila tun kafin wani abu ya same su.